Malalar mai a tekun ƙanƙara: shekara nawa kifi ke yi kafin ya farfaɗo?

Mai_Tarwada_Kura:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Musu ne ya kaure tsakanina da ƙanena daren jiya har tuwo ya huce, na ce bari in kawo nan a raba mu. Wai ya karanta cewa akwai wani wuri a Alaska da jirgin dakon mai ya fashe tun 1989, amma wani kifin wurin ya shafe sama da shekara ashirin bai koma yadda yake ba. Ni kuwa na ce a kai kasuwa. Teku fa ake magana, ba kududdufin bayan gari ba. Ni mai kiwon tarwada ne, in ruwa ya ɓaci na sauya shi, kwana uku kifi ya ware. Balle teku da ruwansa ke juyawa dare da rana. Kuma a ganina sanyin ƙanƙarar ma taimako ne, tunda abin da aka sa a firji ba ya lalacewa. To masana, wa ke da gaskiya?

Dan_Zaure:
Wa alaikumus salam. Tuwon dai aka cuta.

Malama_Kimiyya:
Malam, ƙanenka ya fi ka gaskiya, kuma da bakinka ka kawo masa hujja. Abin da aka sa a firji ba ya lalacewa, haka ne. To ai man ne aka sa a firjin. A ruwa mai ɗumi, zafin rana yana busar da wani kaso na ɗanyen mai, ƙwayoyin bakteriya kuma su yi ta cin sauran. A ruwan da ke dab da daskarewa duka biyun tafiyar hawainiya suke yi, man ya yi kauri, ya zauna.
Jirgin da yake nufi shi ne Exxon Valdez. Ranar 24 ga Maris 1989 ya hau kan duwatsun Bligh a mashigin ruwan Prince William, ya zubar da galan kusan miliyan 11, wato wajen lita miliyan 41. In ka raba da tankar mai irin ta kan hanyarmu mai cin lita 33,000, tanka dubu ɗaya da ɗari biyu ke nan da 'yan kai. Man ya shafi gaɓar ruwa mai tsawon kilomita kusan 2,100, kamar ka je Legas daga Kano ka dawo. Kifin kuma shi ne herin na tekun Fasifik, ɗan'uwan shawar da muke ci.

Sadauki_99:
Ganga miliyan 11? Kai! Ba shi ne wanda ya yi wata uku yana tsiyaya a ƙarƙashin teku ba?

Malama_Kimiyya:
Galan na ce, ba ganga ba. A ganga wajen 257,000 ne. Wanda kake nufi kuma na 2010 ne, rijiyar Deepwater Horizon a tekun Meziko, can ruwan ɗumi ne. Kar a haɗa.

Ba_Na_Yarda:
Malama, da girmamawa, akwai inda labarin bai zauna ba. A 1989 an rufe kamun herin saboda man, kowa ya yarda. Amma a 1990, 1991 da 1992 an buɗe, kuma an kama kifi mai yawan gaske. Sai a 1993 ne kifin ya rushe. In mai ne ya kashe shi, me ya sa ya jira shekara huɗu? Guba ba ta ba da bashi. Ni dai ina ganin an samu mai kuɗi ne aka ɗora masa jakar tsaba.

Jikan_Masunta_Yauri:
Yaro, guba tana ba da bashi. Bari in gama abin da nake yi in dawo.

Dalibi_a_Tromso:
Tambayar Ba_Na_Yarda ita ce ainihin inda gizo ke saƙa, kar a raina ta. Ina karatun halittun teku a arewacin Norwe, wannan musun har a aji muna yinsa.
Abin lura na farko shi ne lokacin da man ya zuba. Ƙarshen Maris ne, herin kuma a Afrilu yake shigowa bakin gaɓa ya manna ƙwansa a jikin ciyawar ruwa da duwatsu. Wato man ya riga shi isa ɗakin haihuwa da 'yan makonni. Babban kifi yana iya kauce wa ruwan da ya ɓaci. Ƙwai ba ya zuwa ko'ina. Kifin da aka yi ta kamawa a 1990 zuwa 1992 manya ne da aka haifa tun kafin hatsarin. 'Ya'yan 1989 sai sun kai shekara uku zuwa huɗu suke shiga sahun masu zuba ƙwai, kuma da lokacinsu ya yi sai aka ga suna cikin zuriya mafi ƙaranci da aka taɓa ƙirgawa a wurin. Kamar makaranta ce da aka rasa 'yan aji ɗaya a wata shekara: ranar ba ka ganin komai, harabar cike take, sai shekarar da ya kamata a yaye su.
Na biyu, abin da man ke yi wa ƙwan. A cikin ɗanyen mai akwai dangin sinadarai da ake taƙaita sunansu da PAH, ɗaya daga cikinsu shi ne fenantirin. Suna narkewa a ruwa kaɗan-kaɗan, su ratsa ɓawon ƙwai. Zuciya ce gaɓar farko da ke fara aiki a jikin ɗan tayin kifi, kuma bugawarta ya dogara ne ga shige da ficen sinadaran kalsiyam da fotasiyam a ƙwayoyin tsokarta. Fenantirin yana rikita wannan shige da ficen. In ya yi yawa, za ka ga ruwa ya taru kewaye da zuciya, ƙashin baya ya lanƙwashe, muƙamuƙi ya karkace, ɗan kifin ya mutu cikin kwanaki. In kaɗan ne, a nan matsalar take: ya ƙyanƙyashe lafiya lau a ido, amma siffar zuciyar ta ɗan sauya. A 2015 masu binciken NOAA, hukumar Amurka mai kula da teku da yanayi, suka wallafa gwajin da suka yi da ƙwan herin da na salmon mai ruwan hoda: bayan watanni a ruwa mai tsabta, waɗanda man ya taɓa suna ƙwai ba su kai sauran ƙarfin iyo ba. Kifin da ba ya iya gudu kuwa, ko ya rasa abinci ko ya zama abinci, kuma ba wanda zai tsinci gawarsa a bakin ruwa ya ɗauki hoto.

Mai_Tarwada_Kura:
Tsaya ɗalibi. “Kaɗan” ɗin nan nawa ne?

Dalibi_a_Tromso:
Ana auna shi da kashi ɗaya cikin biliyan. Ɗigo ɗaya a cikin tankar nan ta Malama mai lita 33,000 ya ɗan haura haka. A wani gwaji da aka wallafa a 2000, an ƙyanƙyashe ƙwan salmon mai ruwan hoda a ruwan da ke da wajen kashi 5 cikin biliyan na PAH, aka yi musu alama aka sake su teku tare da waɗanda ba su taɓa man ba. Wannan kifin shekara biyu yake rayuwa, sannan ya komo inda aka haife shi. Da suka komo aka ƙirga, waɗanda man ya taɓa sun gaza da kusan kashi 15 cikin ɗari. Ranar da aka sake su duk lafiyayyu ne a ido.

Mai_Tarwada_Kura:
Innalillahi. Jama'a, kun tuna min da wani abu da ban taɓa haɗa shi da wannan ba. Bara waccan yaron da ke kula min da janareto ya ɗauraye jarkar gas, ya yi amfani da bokitin da muke ɗiban ruwa zuwa ɗakin ƙyanƙyasa. Ya wanke bokitin da omo, ya rantse ya wanke. Da safe na ga ɗan sheƙi mai launin bakan gizo a saman ruwan, siriri, in ka hura sai ya watse. Na sauya ruwa. Ƙwan ya fashe, ba laifi, sai dai na ga wasu da cikinsu a kumbure kamar an hura, wasu wutsiya a murɗe suna juyi wuri ɗaya. Na tsame su na zubar, na ce sauran sun tsira. Wallahi wannan zubin bai taɓa yin daidai ba. Abinci ɗaya da na ɗaya tankin, amma wata biyu suna nan tsigi-tsigi, in na taɓa ruwa sauran kifi su watse, su kuwa sai su yi lamo. Ni a lokacin uwar na zarga, har na daina sayen iyaye wurin mutumin.

Dan_Zaure:
To ka je ka ba mutumin haƙuri, sannan ka ba ƙanenka.

Malama_Kimiyya:
Ba za a yanke hukunci da zubi ɗaya ba, omon ma kansa yana iya illa, amma biri ya yi kama da mutum. Kuma lura da wannan: ƙwan tarwadarka kwana ɗaya yake yi ya fashe. Na kifin ƙanƙara fa? Ɗalibi, gaya masa.

Mai_Taswira:
Kafin nan, gyara kaɗan. Tun ɗazu ana ta cewa tekun ƙanƙara, amma mashigin Prince William bai shiga yankin Aktik na ainihi ba, wato can ƙuryar arewacin duniya. Yana wajen digiri 60 ne, layin Aktik kuwa yana 66 da rabi. Ruwan akwai sanyi, akwai tsaunukan ƙanƙara masu gangarowa cikinsa, amma teku ba ya rufewa ruf da ƙanƙara kamar can sama.

Dalibi_a_Tromso:
Gaskiyarka, Mai_Taswira. Shi ya sa ake ɗaukar Exxon Valdez a matsayin ɗan manuni kawai. A can sama kifin da ake ji wa tsoro wani ɗan ƙaramin kod ne da ke rayuwa a ƙarƙashin ƙanƙara, a littafi Boreogadus saida, yawanci tsawonsa bai wuce tafin hannu da 'yan yatsu ba. Ba shi da kwarjini, amma shi ne tuwon gidan: dabbobin sil, farin wel da ake kira beluga, tsuntsayen teku, duk shi suke ci, farar dabbar beyar kuma ta ci sil. A tsakiyar hunturu yake zuba ƙwai, ƙwan ba ya nutsewa, sama yake tasowa ya tsaya dab da ƙasan ƙanƙara. Man da ya zuba shi ma nan yake taruwa, tunda ya fi ruwa sauƙi. Ƙwan kuma a wannan sanyi yakan yi wata ɗaya da rabi har zuwa uku kafin ya fashe. Kwana ɗaya na tarwada, wata uku na wannan, a ɗaki ɗaya da guba.
Akwai wani abin mamaki a jikinsa. Jininsa yana da wani furotin da ke hana shi daskarewa, kuma don kar ya zubar da shi a fitsari, ƙodarsa ba ta da irin matatar da ƙodar yawancin kifaye ke da ita. Abin da ya cece shi daga sanyi ya rage masa hanya ɗaya ta fitar da datti, sai nauyin ya koma kan hanta.
A 2019 an wallafa wani gwaji da aka yi a Amurka: an sa ƙwansa a ruwa mai ɗan mai na 'yan kwanaki kacal, aka mayar ruwa mai tsabta. Waɗanda suka rayu, bayan watanni, sun fi sauran ƙanƙanta kuma kitsensu bai kai ba. A wurin da hunturu ke zuwa da duhu da yunwa na watanni, kitse shi ne rumbu. Wanda ya shiga hunturunsa na farko da rumbu rabi, da wuya ya ga bazara.

Hajiya_Mai_Kifi:
Salamu alaikum. Ni duk wannan turancin ya fi ƙarfina, tambayata ɗaya ce. Kifin ƙanƙara nake sayarwa, titus da shawa, kuma kwalayen da yawa sunan Norwe ne a jiki. Kuna nufin guba nake sayar wa mutane? Ku faɗa min gaskiya, don in wannan maganar ta shiga kasuwa gobe ba mai tsayawa a teburina.

Dalibi_a_Tromso:
Hajiya, kwantar da hankalinki. Wannan kifin a buɗaɗɗen tekun arewacin Atlantika ake kama shi, ba inda mai ya malala ba. Kuma babban kifi ba ya tara irin wannan sinadarin a tsokarsa sosai, hantarsa tana sarrafa shi ta tura cikin matsarmama, ɗacin nan da kike cirewa. Shi ya sa masu bincike in suna son sanin ko kifi ya haɗu da mai, matsarmama da hanta suke dubawa. Masu tarawa su ne 'yan ƙumbar nan da ke manne wa duwatsu, don su ba su iya sarrafa shi da kyau. Maganar da muke yi ta ƙwai ce da 'ya'ya, wato ko za a samu kifin kamawa nan da shekaru.

Hajiya_Mai_Kifi:
Alhamdulillahi. Allah ya yi maka albarka ɗana. Amma in kifin ya ragu ai kwali ne zai ƙara tsada, kuma yanzu ma da ƙyar muke sha.

Dan_Sabon_Gari:
Hajiya ta taɓo wurin. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da maƙwabtanmu Inyamurai ke kira okporoko, daga tsibiran Lofoten na Norwe yake zuwa, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayensa, har kawunan. To babban kod ɗin daga tekun Barents yake gangarowa Lofoten duk shekara tsakanin Janairu da Afrilu ya zuba ƙwai. Shekara da shekaru kamfanonin mai na son a buɗe musu Lofoten da Vesterålen da Senja, masunta da wasu jam'iyyu suka ƙi, har yau ba a haƙa ba. Ƙasar da mai ya azurta ita ce ta ce nan wurin a bar wa kifi.

Ba_Na_Yarda:
Kar a mai da su waliyyai. A tekun Barents ɗin suna haƙa, filin Goliat tun 2016 yake fitar da mai. Kuma ni har yanzu ba a amsa min ba. Gwajin ɗaki daban, teku daban. A 1993 da herin ya rushe, an samu kifin da gyambo a jiki da wata cutar bairos mai sa zubar jini, an kuma ce sun rame saboda ƙarancin abinci a hunturun da ya gabata. Ga manyan wel masu doro da suka ƙaru suna cinye su, ga miliyoyin 'ya'yan salmon da gidajen ƙyanƙyasa ke sakewa a ruwa ɗaya. Duk wannan a bar shi a ce mai?

Jikan_Masunta_Yauri:
Na dawo. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma a cikin kwale-kwale na girma. Kakanmu yana hana zuba magimfa a gurbin da kifi ke ƙwai, ko da yunwa ake. Da gamalin, maganin ƙwarin nan, ya shigo, wasu marasa tsoron Allah suka zuba a wani gurbi da muke su tun muna yara. Ranar kifi ya taso fari fat, har da giwan ruwa, aka cika kwanduna. Shekara ta zagayo ruwa ya cika ya wanke komai, ka ɗiba ka sha ba ka jin komai. Aka jefa birgi, an samu, don manya sun shigo daga kogi. Sai a shekara ta uku da ta huɗu muka ga abin: ka ɗaga taru ka ga tsofaffi ƙalilan, ba matasa. Kuma 'yan da ake samun sai ka ga ciwo a jikinsu. To ɗana Ba_Na_Yarda, in mutum ya kwana da yunwa wata uku sannan zazzaɓi ya kashe shi, me za ka rubuta a takarda? Zazzaɓi. Amma mutanen gidan sun san abin da suka sani.

Ba_Na_Yarda:
Baba, na ji, kuma misalin ya shige ni. Sai dai a kotu takardar ake karantawa.

Malama_Kimiyya:
Kuma a nan Ba_Na_Yarda yana da rabon gaskiya, kar mu danne. Masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba game da rushewar 1993. Wasu sun ce cuta da yunwa ne, wasu sun ce raguwar ta fara tun 1989 ba a lura ba, aka ci gaba da kamun da ya fi ƙarfin abin da ya rage. Abin da ba a musu a kai: a 1993 wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kifin da ake tsammani ne ya zo, an rufe kamun, an ɗan buɗe a 1997 da 1998, aka sake rufewa shekara da shekaru. Shekara 25 bayan hatsarin, majalisar amintattun da aka kafa don farfaɗo da yankin tana lissafa herin a cikin waɗanda ba su farfaɗo ba, alhali salmon mai ruwan hoda an ce ya farfaɗo tun 2002. Kifi biyu, ruwa ɗaya, mai ɗaya. Shi ya sa tambayar “shekara nawa” ba ta da lamba ɗaya.
Man kuma bai tafi ba. A 2001 masu bincike suka koma suna haƙa ramuka a gaɓar da aka ce an wanke, suka tarar da shi a ƙarƙashin tsakuwa a fiye da rabin wuraren da suka duba, wani da ɗanyen warinsa. Aka ƙiyasta saura wajen galan 20,000.

Injiniya_Fatakwal:
Na yi shekaru a aikin kwashe malalar mai a kudu, bari in sa baki. Maganar man da ke ɓuya a ƙasa ba baƙuwa ba ce gare mu. A cikin taɓon fadamun bakin teku, inda iska ba ta shiga, ka soka sanda ka zaro ka ga baƙi yana bin ta, alhali saman ya yi ciyawa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni a 2011 cewa ya yi gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30, kuma nan ƙasar zafi ce. Rashin iska ya yi mana abin da sanyi ke yi musu.
Kayan aikin namu kuwa duk na buɗaɗɗen ruwa ne: shingen roba mai yawo da ake tare man da shi, da injin da ke yaɗe shi daga sama. Ka kai su inda ƙanƙara ke yawo gunduwa-gunduwa, ta yaga shingen, ta toshe injin. In man ya shige ƙasan ƙanƙara ba ka ma ganinsa, sabuwa ta daskare ta rufe shi, ta yi tafiya da shi, sai ta fara narkewa ta sake shi a wani wurin daban, daidai lokacin da 'ya'yan kifi ke fitowa. Ga duhun hunturu na watanni, ga tashar jirgi mafi kusa tana iya zama tafiyar kwanaki. A Alaska ma wankin duwatsu da ruwan zafi mai ƙarfi da aka yi ya dafa ƙananan halittun gaɓar, wasu wuraren da aka wanke sun fi waɗanda aka ƙyale jinkirin dawowa.

Dan_Maradi:
Ku gafarce ni, amma mu da ko teku ba mu da shi, me ya kai mu kukan kifin Alaska? Tafkin Chadi na nan yana ƙafewa.

Shugaban_Zaure:
Ɗan Maraɗi, buɗe wa Tafkin Chadi nasa zaren, za mu zo. Nan a tsaya kan tambayar Mai Tarwada.

Injiniya_Fatakwal:
Tunda Mai_Taswira na son na cikin Aktik sosai, ga Norilsk a Rasha. Ranar 29 ga Mayu 2020 wani tankin ajiya na tashar lantarkin kamfanin Nornickel ya rushe, gas wajen tan 21,000 ya kwarara, mafi yawansa cikin kogunan Daldykan da Ambarnaya masu zuba a tafkin Pyasino. Hotunan sama sun nuna kogin ya yi ja. A 2021 kotu ta ci kamfanin tarar rubul biliyan 146, kusan dala biliyan 2. Matsalar auna illar ga kifi a can ita ce ruwan ya daɗe yana shan dattin masana'antun narka ƙarfe tun zamanin Tarayyar Sobiyet. In ba ka ƙirga kifin kafin hatsari ba, da me za ka gwada bayansa? Irin ramin da lauyoyi ke shigewa ke nan.

Dalibi_a_Tromso:
Shi ya sa wani tsohon gwaji na Kanada ke da daraja. A 1981 da gangan aka zuba ɗanyen mai a wata gaɓa a Cape Hatt, arewacin tsibirin Baffin, aka bar shi don a ga yadda zai yi da kansa. Kusan shekara arba'in bayan nan aka koma, aka samu ragowarsa a cikin yashi. A nan ba wanda zai ce wani abu ne daban ya kawo shi.
Wani abu kuma da ban faɗa ba ɗazu: hasken rana. 'Ya'yan kifin nan garau suke kamar gilashi, kuma wasu sinadaran man in suna cikin jiki haske ya doke su, dafinsu yana ninkuwa. A Aktik da bazara rana ba ta faɗuwa.

Sadauki_99:
To masuntan Alaskan an biya su?

Malama_Kimiyya:
A 1994 kotu ta yanke wa kamfanin Exxon mai jirgin tarar horo ta dala biliyan 5. Aka yi ta ɗaukaka ƙara har 2008, Kotun Ƙolin Amurka ta mai da ita dala miliyan 507.5. Masu ƙarar sun haura 30,000, da yawa sun rasu kafin kuɗin ya fito. A garin Cordova, inda herin ne kuɗin farko da ke shigowa bayan hunturu, don ƙwansa Japan ake kai wa da tsada, lasisin kamun da mutane suka ci bashi suka saya ya zama takarda kawai. A Agustan 1993 masunta suka jera jiragensu suka tare mashigar Valdez, suka hana jiragen dakon mai wucewa na 'yan kwanaki. Ƙauyukan 'yan asalin wurin irin su Tatitlek da Chenega kuwa ba kasuwa suka rasa ba, abincin gida suka rasa.
Abin da ya fito mai amfani shi ne dokar 1990 da ta tilasta jiragen dakon mai su zama masu bango biyu. Kuma daga 1 ga Yuli 2024 an hana jirage amfani da baƙin mai mai kauri a ruwan Aktik, sai dai an bar ƙofofin rangwame har 2029.

Ba_Na_Yarda:
Na karɓi maganar zuciya da maganar kitse, gwaji ne an yi an gani. Na karɓi cewa man na nan a ƙarƙashin tsakuwa. Amma cewa shi ya hana herin dawowa shekara ashirin, ban karɓa ba. 'Ya'yan 1989 sun lalace, to na 1995 fa? Na 2005 fa? Su wane mai suka sha?

Dalibi_a_Tromso:
Ba lallai su sha ba. Garke in ya ragu ƙwarai, masu cinsa ba su ragu ba, sai kowace sabuwar zuriya a cinye ta kafin ta taru. Mai yana iya zama wanda ya tura, wel da cuta su zama masu danne wanda ya faɗi. Amma nuna hakan da lissafi a buɗaɗɗen teku, nan ne ake ta fafatawa, kuma wasu malamaina ma suna ɓangarenka.

Jikan_Masunta_Yauri:
Gurbin da na ba ku labari, sai da muka yi shekara bakwai ba mu jefa komai a ciki ba.

Mai_Tarwada_Kura:
To ni dai na sha kaye a rabin musun, rabin kuma Ba_Na_Yarda ya riƙe min. Ƙanena yana karantawa a gefena yana dariya. Na sa an ɗauke janareto daga bayan ɗakin ƙyanƙyasa tun ɗazu, bokitai kuma na shafa musu fenti, ja na mai, shuɗi na ruwa. Ɗalibi, tambaya ta ƙarshe: iyayen da na ware daga wancan zubin na bara waccan, guda shida sun girma, ina shirin matsar ƙwansu wata mai zuwa. In yi, ko in kai su kasuwa?

Hajiya_Mai_Kifi:
Kawo min su, ina da mai banda.

Dalibi_a_Tromso:
Kar ka ba Hajiya duka. Matsa biyu, ka matsa biyu daga tsabtataccen zubi a rana ɗaya, tanki daban-daban, abinci ɗaya, ka ƙirga waɗanda suka fashe da waɗanda suka kai wata guda. Ka kawo mana lambobin nan zauren.

Ba_Na_Yarda:
Kuma ka ƙirga da kanka, kar ka ba yaron janareto.